Lemun Tsami a Hannun Baba

Litinin, 17 ga Satumba 2001, da yamma

Baba ya dawo yau daga Jos, inda aka yi rikici. Mun zaci zai taho da ƙanensa, Baba Joshuwa, da matarsa da yaran duka, har Mama ta ari tabarma biyu a wajen maƙwabciyarmu Hajiya Hansatu. 'Yarsu Dabora kaɗai ya kawo.

Ba ta da jaka. Takalmin da ke ƙafarta na namiji ne. Mama ta dube su daga bakin ƙofa, ta leƙa bayansu, sannan ta shiga ɗaki ta rufe. Ba wanda ya ce mini komai, ni ma ban tambaya ba. Daga baya aka aike ni in mayar wa Hajiya tabarma ɗaya.

Rabona da Dabora tun Kirsimeti a ƙauye. A lokacin bakinta ba ya hutawa, har Kaka ta sa mata suna Rediyo. Yau ko sannu ba ta amsa ba. Na girme ta da shekara biyu, kuma a ɗakina za ta riƙa kwana.

Malam Tanko, mai koya mana a ajin baftisma, ya ce mu riƙa yi wa Allah magana yadda muke yi wa uba a tsakar gida. Ni ko a tsakar gida ban iya magana ba, shi ya sa zan rubuta. Ya Uba, ka ji tausayin Dabora. Ka sa in zama mata 'yar'uwa ta gari.

Laraba, 19 ga Satumba, bayan an tashi makaranta

Ba ta fita daga ɗaki. Abinci kaɗan take taɓawa. Idan tirela ta wuce ta hanyar Dakata ta yi ƙara, sai ta toshe kunnuwa.

Alhamis, 20 ga Satumba, da yamma

Baba ya koma aiki, ni ma na koma nawa.

A kamfanin fata na Bompai yake, sashen da ake jiƙa fatu a ruwan kemikal. Ana ba su safar hannu, amma tana yagewa, kuma wari yana shiga har ƙarƙashin farce. Tun ina firamare ni ce nake wanke masa hannu in ya dawo, don a lokacin Mama tana bakin ƙofar kamfanin alewa tana sayar wa masu aikin yamma shinkafa da wake. Da na ji ƙararrawar kekensa sai in fito da buta da roba.

Abin yana da tsari. Ruwan ɗumi da sabulun salo tukuna. Sannan in juya hannun wajen haske in duba. Inda fata take lafiya, in goga lemun tsami don ya kashe wari. Inda ta tsage, lemo ba ya zuwa ko kusa. In ɗauraye sosai, in tsane, in shafa man kaɗe, in cika tsagar da shi. Ba wanda ya koya mini duka, a hankali na gane, daga yadda yake jan numfashi.

A nan ne kawai muke hira. Yana tambaya ta makaranta, ina ba shi labari ina kallon hannunsa, don in na kalli fuskar mutum maganata gudu take yi. In na gama yakan ɗora hannun a kaina ya ce, "Ubangiji ya yi miki albarka, uwata." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Ladidi.

Yau bai tambaye ni makaranta ba. Ya ce, "Ta ci wani abu?"

Asabar, 22 ga Satumba, da rana

Mama ta sa Dabora ta ɗauraye kwanuka, wai ko za ta ɗan saki jiki. Murfin tukunya ya suɓuce mata. Mama ta ce, "Ke, a hankali mana!" Ba da faɗa ba ma. Dabora ta sheƙa ɗaki ta shige bayan ƙofa, ta ƙi fitowa. Baba ya yi wa Mama magana ƙasa-ƙasa. Ya ce daga yau kada wanda ya ƙara gyara mata wani abu, ko da gishiri ta zuba a shayi.

Ni da na fasa kofi bara, sai da na yi mako ina jin labarinsa.

Lahadi, 23 ga Satumba, bayan sujada

An yi addu'a ta musamman a coci saboda mutanen Filato. Mata suna ta kuka. Fasto ya kira sunan Baba Joshuwa da wasu sunaye, bai ce komai a bayansu ba.

A aji Malam Tanko ya ce tun kafin Allah ya halicci komai, ba shi kaɗai yake zaune cikin kewa ba. Uba yana ƙaunar Ɗa, Ɗa yana ƙaunar Uba, Ruhu Mai Tsarki yana tare da su, kuma ba wanda yake leƙen rabon wani. Ya ce da ƙaunar ta cika ta tumbatsa ne aka yi mu. "Ba tukunyar tuwo ba ce," in ji shi, "da za a ce baƙo ya zo, kowa ya rage loma." Yara suka yi dariya. Na rubuta don ya yi mini daɗi.

Talata, 25 ga Satumba, da yamma

An riƙe mu a makaranta saboda sharar aji. Na taho da gudu, amma kafin in iso keken Baba yana jingine a zaure.

Na same su a tsakar gida. Baba a kan kujerarsa, hannuwansa a kan roba. Dabora a tsugune da butata.

Ita da kanta ta fito. Ba wanda ya kira ta. Ta yanka lemo, ta matse shi duka a tafin hannunsa, tana murzawa da ƙarfi kamar mai wanke tukunya. Akwai tsaga a gindin babban yatsansa na hagu, na san da ita tun makon jiya. Na ga yatsun ƙafarsa sun dunƙule a cikin silifa. Fuskarsa kuwa murmushi.

Na buɗe baki. Ya ɗago ya dube ni, ya girgiza kai kaɗan.

Da ta gama ta ce, "Ya fita?" Maganarta ta farko a gidan nan ke nan. Baba ya sunsuna hannun ya ce, "Tas! Ko turare albarka." Ya ɗora mata a kai. Ya ce, "Ubangiji ya yi miki albarka, 'yata."

Ba ta shafa man kaɗe ba. Ba ta san da shi ba.

Na tsaya da jakata a baya har suka tashi. Ya Uba, na gode da ta yi magana. Na gode. Na rubuta sau biyu don in tabbatar.

Laraba, 26 ga Satumba, da yamma

Na dawo da wuri. Tana zaune a bakin ƙofa tun kafin lokaci, buta a gabanta.

Alhamis, 27 ga Satumba, da safe kafin makaranta

Jiya da Mama ta dawo Baba ya ba ta labari yana ta fara'a, wai Dabora ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Mama ta ɗaga hannu sama tana godiya. Ta juyo ta ce mini, "Ladidi, kin huta ke nan, sai ki mai da hankali kan karatu."

Wa ya ce na gaji?

Shekara nawa ina yi, ba a taɓa ba wa kowa labari ba.

Alhamis ɗin dai, da yamma

Tsagar ta ƙara buɗewa, daga nesa ma ina gani. Wata ta fito a tsakiyar tafin. Kwalbar man kaɗe tana kan tagar ɗakinmu, a bayan littattafaina. Ban ɓoye ta ba. Can na ajiye ta kawai.

Baba ya ce kada a gyara mata komai. To ban gyara ba. Biyayya nake yi.

Zai gaji. Mutum ba zai jure wannan kullum ba. Wata rana zai ce, "Kira mini Ladidi, ita ta iya." Ina zaune a bakin ƙofar kicin da littafin lissafi a buɗe, inda zai gan ni.

Asabar, 29 ga Satumba, da hantsi

Na je tsinko lemo a gidan Hajiya Hansatu. Bishiyarsu ce muke amfani da ita tun da muka tare a unguwar, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. 'Yarta Shifa'u, ajinmu ɗaya, ta riƙe mini kwano.

Ta ce, "Umma ta ce in tambaya, miyar lemo kuka koma yi ne? A da biyu kike ɗiba, yanzu kwano."

Na ce baƙuwarmu ce take wanke wa Baba hannu.

"To ba shi ke nan ba? Kin samu 'yar aiki kyauta. Ni da za a kawo mini mai wanke kwanukan nan, har goyonta zan yi." Ta leƙa fuskata. "Ke wai lafiya? Kin ɗaure fuska kamar an ba ki sifili a Turanci."

Na ce kaina ke ciwo.

"Kanki ko cikinki? Ladidi, yarinyar nan fa ba ta da kowa."

Na ce na sani. Kowa sai ya faɗa mini, kamar ni ce na yi.

Hajiya ta fito da atamfa da ɗankwali a leda, ta ce in kai wa marainiya, Allah ya ba ta haƙuri. Ban taɓa jin an kira ta da wannan sunan ba sai yau. Na kai mata. Atamfar tana da kyau ƙwarai, shuɗiya mai ganye.

Lahadi, 30 ga Satumba, bayan sujada

Dabora ta zo coci cikin shuɗiyar atamfa. A gefen Baba ta zauna. Matan zumunta suka kewaye ta bayan an tashi, kowa yana shafa kanta. Wata ta tambaye ni, "Ke ce yayar?" Shekarata nawa a cocin nan.

Na jira kowa ya fita daga aji, sannan na tsaya kusa da Malam Tanko har ya lura da ni. Na ce ina da tambaya, ba tawa ba ce, ta wata ce. Na ce an karanta mana cewa Allah ma mai kishi ne. In haka ne, me ya sa kishi zai zama zunubi ga mutum?

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Ki gaya wa mai tambayar, shi in ya yi kishi, don kada ya rasa ta ne. Ba ya ƙwace wa wani don ya ba kansa. Ta duba nata ta gani, wa take so a rasa?"

Na ce ba ta son a rasa kowa. Wurinta kawai take so.

Ya ce, "Wa ya ce mata an ba da wurin?"

Kuka ya taso mini. Malam yana da kirki, amma shi ɗa ɗaya ne a gidansu, shi ya faɗa. Kuma a gidanmu in baƙo ya zo, ana rage loma. Na sha gani.

Litinin, 1 ga Oktoba, da rana

Hutu. Baba yana gida, ba wankin hannu. Na ji daɗin ranar nan fiye da yadda ya kamata.

Talata, 2 ga Oktoba, da yamma

Da hannu ɗaya ya tuƙo keke.

Ta matsa lemo. Ya rufe ido. Ya ce mata rana ce ta dame shi. Tana ba shi labarin wata akuya da suke da ita a Jos mai cin sabulu, yana dariya, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Yanzu tana magana sosai in suna tare. Ni ba ta ce mini komai sai "matsa" in za ta kwanta.

Ya dube ni sau ɗaya ta saman kanta. Na mai da ido kan littafi.

Ya Uba, kai da kake ganin komai, ka ga ba ni nake matsa lemon ba.

Laraba, 3 ga Oktoba, da safe

A addu'ar safe Baba ya sa hannun hagu a cikin aljihu. Mama ba ta lura ba, tana sauri ta ɗora wake.

Ban iya cewa amin da ƙarfi ba.

Laraba, da yamma

Bai kira ni ba.

Alhamis, 4 ga Oktoba, da yamma

Bai kira ni ba. Na roƙi abu ɗaya yau, ba zan rubuta shi ba.

Juma'a, 5 ga Oktoba, da la'asar

Tun kafin azahar aka dawo da Baba a bayan babur. Hannun ya kumbura har wuyan hannu, an naɗe shi da bandeji. Kemikal ya shiga ta tsagar ya ci nama. Nas ɗin kamfani ta ce kada ya taɓa ruwan fata sai ya warke, an mai da shi wajen shanya fatu, inda zai iya da hannu ɗaya.

Mama ta bar tukunyarta a hannun wata ta taho. A tsakar gida ta tsaya tana faɗa, muryarta har zaure.

"Nas ta ce lemun tsami ake zuba wa ciwo! Lemun tsami, Gidiyon! Kai yaro ne? Ba ka da baki? Wace mai hankali ce za ta matsa lemo a kan tsaga?"

Baba yana cewa, "Maryamu, ya isa. Maryamu." Amma an riga an ji. Na ga labulen ɗakinmu ya motsa.

Mama ta juyo kaina. "Ke kuma kina ina?" Na ce ina karatu, kamar yadda aka ce in yi. Ta dube ni, ta daɗe. Ta ce daga yau ni zan koma wanke masa, ita waccan ta bar taɓa buta.

Dabora tana bayan ƙofa. Ba ta ci abinci ba.

Asabar, 6 ga Oktoba, da yamma

Na samu abin da na roƙa.

Ƙararrawar keke ta yi, na fito da buta da roba. Ruwan ɗumi, sabulu, na juya hannun dama wajen haske. Shi ma duk ya farfashe. Ban sa lemo ba sam. Na ɗauko man kaɗe na cika kowace tsaga a hankali. Ban taɓa yi da kyau kamar yau ba.

Na ba shi labarin gwajin lissafi, na ce na ci sha takwas cikin ashirin. Ya ce madalla. Idonsa yana kan labule.

Ya ɗora hannu a kaina ya sa albarka. Kalmomin nan ne dai, ba a rage ko ɗaya ba. Ban san me ya sa na ji kamar na saci abu a kasuwa an bar ni na tafi da shi ba.

Lahadi, 7 ga Oktoba, bayan sujada

Dabora ba ta zo coci ba. Ruwa kawai take sha.

Malam Tanko ya yi magana kan gicciye. Ya ce wasu suna zaton Allah kamar dutsen Dala yake, ka jefe shi ka gaji ba ya ji. Ya ce ba haka ba ne. Wanda ya yarda ya ƙaunace ka, ya yarda ke nan ka iya ji masa ciwo, kuma Allah ya san haka tun farko ya miƙo hannu duk da haka. Wani yaro ya ce, to me ya sa ba ya tilasta mana mu yi daidai, a huta? Malam ya ce, "Da ya samu bayi. Shi kuwa 'ya'ya yake nema."

Ban rubuta a aji ba. Yanzu ma ban so rubutawa ba.

Litinin, 8 ga Oktoba, da yamma

Ina cikin shafa masa mai ya ce, "Uwata, kwalbar nan ta daɗe ba ta fito ba."

Na ce tana kan taga.

"Na sani. Ina hango ta daga nan."

Hannuna ya tsaya. Na ce, "Baba, ku kuka ce kada a gyara mata komai."

"Ni na faɗa."

"To me ya sa ba ku kira ni ba? Kullum ina zaune a can. Kuna ganina."

"Ina ganinki."

"Da kun ce Ladidi zo, da na zo da gudu."

Jiniyar wani kamfani ta yi kuka daga Bompai, masu aikin yamma suna shiga. Ya ce, "In na kira ki a gabanta, na ce mata ba ta iya ba, ta koma bayan ƙofa. In na gyara mata da bakina, tsawa za ta ji. Ke ce kawai za ki tsuguna kusa da ita ki ce, ga yadda muke yi a gidan nan, ta ji ta shigo gida. Ban so in sa ki ba. Na so ki zo."

Na ce, "Da ban zo ba fa har abada?"

Ya ɗaga bandejin ya dube shi, ya yi 'yar dariya. "Ai kin ga inda muka kai. Wataƙila ni ma na yi wauta, mamarki ta faɗa mini da Hausa da yarenmu. Amma kullum in na karyo kwanar gidan nan sai in ce, yau uwata za ta taso."

Na yi kuka har majina. Na ce ya fi sonta. Ban taɓa faɗa wa babba magana irin wannan ba.

Bai ce ƙarya ne ba, bai ce gaskiya ne ba. Ya ce, "Ɗan'uwana ya bar mini ita, ba ta da inda za ta tsaya sai a kaina. Ke kuwa na ɗauka kina tsaye a gefena ne, muna riƙe ta tare. Ban tambaye ki ko kin yarda ba. A nan na yi miki laifi."

Ban san uba yana cewa haka ba.

Ya Uba, ko kai ma haka kake zaune, kana hango kwalbar, kana jira?

Talata, 9 ga Oktoba, da rana

Na dawo makaranta na shiga ɗaki da buta da roba da lemo da kwalba. Dabora tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Na zauna a ƙasa. Zuciyata tana bugawa kamar an kira ni gaban asambuli.

Na ce, "Na san lemo yana yi masa zafi tun ranar farko. Ban faɗa miki ba."

Ba ta juyo ba. Can ta ce, "Don me?"

Na ce don aikina ne.

Sai ta yi magana da bango. Ta ce babanta makanike ne, da lemo da omo take wanke masa baƙin mai, shi hannunsa ba ya tsagewa, cewa yake ta murza da ƙarfi. Ta ce ranar nan ta leƙo ta labule ta ga hannun Baba a kan roba, ƙaramin yatsan a karkace, iri ɗaya sak da na babanta. Ta ce ba ta san lokacin da ta fito ba.

"Ranar da abin ya faru ban wanke masa ba," in ji ta. "Ya ce in bari sai ya dawo."

Ban tambaye ta komai ba. Na zuba ruwa a roba na miƙa mata hannuna. Akwai inda wuƙa ta yanke ni a yatsa shekaranjiya. Na ce ta juya shi wajen taga ta duba, ta nuna mini inda lemo ba zai je ba.

Ta tashi zaune. Ta kama hannun, ta duba, ta nuna. Sannan ta ɗauki lemon ta matsa daidai kan yankan.

Na yi ƙara har Shifa'u ta leƙo ta katanga tana tambaya ko kunama ce.

Dabora ta ce, "Yanzu mun yi daidai." Ta ɗauraye mini, ta shafa mai. Daga baya ta cinye ragowar ɗumamen da ke kula.

Talata, da yamma

Da ƙararrawa ta yi, tare muka fito. Baba ya tsaya da keke a zaure yana kallonmu, sannan ya zo ya zauna.

Ita ta tsuguna a gabansa. Ni na riƙe buta. Ta juya hannun wajen haske yadda na nuna mata, ta kai lemo kusa da gindin yatsa, ta tsaya, ta ɗago.

"Yaya, nan fa?"

Na ce, "Tsallake nan. Bi ta baya."

Da aka gama, hannu ɗaya ne mai lafiya, kuma ita ce a kusa. A kanta ya fara ɗorawa. Na ƙirga a raina, ya fi daɗewa a kanta. Na lura, Ya Uba, ba zan yi maka ƙarya ba, kuma ya yi mini zafi kamar lemon ɗazu.

Amma ban tashi ba. Na tsaya da butar a hannu har ya zo kaina.